Neman shawara: wane yashi da wace farar ƙasa zan saya don gyaran bangon dutse?

Nura, Bradford:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini a nan Ingila. Gidan da muka saya bara na dutse ne, irin jerin gidajen nan da aka gina wa ma'aikatan masaƙu a ƙarshen ƙarni na 19. Namu ne na ƙarshen layi, don haka bangon gefe gaba ɗayansa yana fuskantar ruwa da iska. Tun da sanyi ya shigo ɗakin yara ke yin danshi, fenti yana kumbura, bayan kabad har fumfuna ta fito. Wanda ya duba mana gidan ya ce wani ya taɓa cike tsakanin duwatsun da siminti, dole a ƙwaƙule shi a mayar da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Na je wani shagon kayan gini, yaron da ke wurin ya nuna mini buhun farar ƙasa da jan yashi mai laushi, ya ce in ƙara siminti kaɗan don ya kama. Hankalina bai kwanta ba, sai na fito ban sayi komai ba. Wace farar ƙasa ake saya? Wane yashi? Kuma aikin nan mutum zai iya yi da hannunsa, ko sai an ɗauko magini?

Maman Hanif, Halifax:
Wa alaikumus salam. Gara da ka fito hannu rabbana, ƙanena. Malam Isuhu, Injiniya Hadiza, ga naku ya samu.

Alhaji Garba, Leeds:
Nura ɗana, Allah ya sanya alheri a gidan. Ni ga abin da na gani. Na yi gine-gine a Kano, kuma ban taɓa jin an ce siminti ya cuci bango ba. Matsalarka ruwa ne ke shiga, maganin ruwa kuma a toshe masa hanya da abu mai ƙarfi. Farar ƙasa mu abin da muka san ta da shi shafen bango ne idan Sallah ta matso, da ka jingina ta bi maka riga. Ita ce za ta tare ruwan Yorkshire? Masu duba gidajen nan wani lokaci suna ɗora wa mutum aiki mai tsada ne kawai don kada a kama su da laifi daga baya. Ka samu birkila ya haɗa maka siminti da yashi ya bi layukan da suka tsage, ka huta.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
Ranka ya daɗe Alhaji, a ginin bulo na gida maganarka dutse ce. Amma wannan bangon daban yake. Gidajen ƙasar nan da aka gina kafin 1919 yawanci bangonsu a cike yake tun daga waje har ciki, babu ratar nan ta tsakiya da ake bari a sababbin gidaje. Dutsen yankinmu kuma dutsen yashi ne, yana shan ruwa. Ba yadda za a yi ka hana shi jiƙa. Abin da magina na da suka yi shi ne su bar wa ruwan hanyar fita: kwaɓin da ke tsakanin duwatsun ya fi dutsen laushi, ya fi shi ƙofofi, don haka da an ɗauke ruwa danshin zai bi ta nan ya fice, iska ta kwashe. Idan ka liƙe wannan hanya da siminti, ruwan bai daina shiga ba, yana shiga ta fuskar dutsen da ta 'yan tsagogin da ke buɗewa tsakanin simintin da dutse. Fitar ce ta gagara. Sai ya taru a gefen dutsen, daren sanyi ya daskare, ya kumbura, ya ɓantare fuskar. Abin da ya rage kuma ya nufi cikin ɗaki.

Nura, kafin ka yarda da ni ko da Alhaji, fita ka je gindin bangon. Ka duba ƙasa, ka shafa dutsen da tafin hannu, ka ƙwanƙwasa layin simintin da bayan makulli. Ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Nura, Bradford:
Malam na je. A gindin bangon akwai garin dutse ruwan ƙasa-ƙasa a zube, layi guda tun daga farko har ƙarshe. Simintin yana nan daram, ya yi tudu ya fito waje, amma duwatsun da ke gefensa sun lotsa ciki, wasu har ɗan yatsa yana shiga bayan simintin. Da na shafa, dutsen ya biyo hannuna. Inda na ƙwanƙwasa wasu wuraren suna ƙara kamar babu komai a baya. Wani guntu ya faɗo da kansa, abin da ke bayansa baƙi-baƙi ne, jiƙe sharkaf, yana murmushewa.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
To ka ga aikin da idonka. Wannan baƙin da ka gani shi ne kwaɓin asali. Ka ɗebi kaɗan ka zuba a leda ka ajiye, zai yi mana amfani wajen zaɓen yashi.

Alhaji Garba, Leeds:
Na ji. Amma ku gaya mini, siminti ba a nan Leeds aka ƙirƙiro shi ba? Mutanen da suka ƙirƙiro abu ne za su ce bai dace da gidajensu ba?

Injiniya Hadiza, Edinburgh:
Barka da dare Baba Alhaji. Gaskiya ne, Joseph Aspdin, birkila ne mutumin Leeds, shi ya yi rajistar simintin Portland a 1824. Sai dai an ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya shiga ginin gidajen talakawa. Gidajen irin na Nura da farar ƙasa aka ɗora su, kuma sai a ƙarni na 20 siminti ya kore ta daga hannun magina, saboda yana kamawa da wuri, ana gama aiki a karɓi kuɗi. A lokacin aka bi tsofaffin gidaje ana yi musu wannan cikon mai tudu, ana ganin gyara ne. Ɓarnar ba ta nuna kanta a shekara ɗaya ko biyu, shi ya sa aka daɗe ba a farga ba. Nan Edinburgh ma duk unguwar da ka bi za ka ga duwatsun da suka zaizaye a zagaye da siminti lafiya lau.

Nura, ga yadda za ka gane abin da ke cikin buhu, domin duk farare ne, kuma masu shago da yawa ba su bambance su. Kada ka dubi hoton da ke jiki, ka nemi lambar. Wanda aka nuna maka kusan tabbas CL 90 ne. Wannan gari ne da birkiloli ke zubawa cikin kwaɓin siminti don ya yi santsi a cokali. Idan ka kwaɓa shi da yashi kawai ka cusa a bangon da ruwa ke duka, da wuya ya yi ƙarko. Idan kuma ka ƙara siminti kamar yadda aka ce maka, ka koma gidan jiya. Wanda mutane suka fi saya don irin aikinka an rubuta masa NHL, sannan lamba: 2, ko 3.5, ko 5. An ƙona shi ne daga dutsen farar ƙasa mai ɗan laka a jikinsa, shi ya sa yake fara kamawa da ruwa, sannan ya ci gaba da ƙarfi a hankali yana shan iska. Ka lura da harafin N ɗin nan. Idan ka ga HL kawai, ko FL, ƙa'ida ta yarda a gauraya musu wasu abubuwa, har da siminti. Akwai kuma farar ƙasa jiƙaƙƙiya da ake sayarwa a bokiti, wadda aka jiƙa aka bar ta ta kwanta aƙalla wata uku. Ita iska kaɗai ke kamar da ita, ta fi duka laushi.

Nura, Bradford:
Na gode Anti. Ke nan in ɗauki NHL 5 tunda bangon yana shan ruwa sosai?

Injiniya Hadiza, Edinburgh:
A'a, kada ka yi. NHL 5 ta bakin teku ce, da gadoji, da kan bututun hayaƙi, da dutse mai tauri irin na Aberdeen. Dutsen da ke bin hannunka idan ka shafa ba zai iya da ita ba. Ko 3.5 ɗin da kowa ke ambata ina ɗari-ɗari da ita a kan dutsen da ya riga ya gaji. Lambar nan ƙaramin ƙarfin da aka yarda da shi ne bayan kwana 28 a ɗakin gwaji. Ƙa'idar ta bar NHL 3.5 ta kasance ko'ina daga 3.5 zuwa 10, NHL 2 kuma daga 2 zuwa 7. Ka ga buhu biyu masu lamba ɗaya daga kamfani biyu suna iya yin nisa da juna. Kuma ba ta tsayawa a kwana 28, tana ci gaba da tauri har bayan shekara. Ni a bangonka NHL 2 zan fara dubawa.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
Injiniya, a nan za mu ɗan saɓa. Ni da za a bar ni, ba zan sa NHL ko ɗaya a bangon nan ba. Waɗanda suka gina shi ba su san buhun da aka yo oda daga Faransa ba. Ƙonannen dutsen farar ƙasa suke kawowa, su zuba a cikin yashi, su sa ruwa, ya tafasa a nan take, su yi aiki da shi. Baƙin da Nura ya gani toka ce ta gawayin kwal da ake samu a banza daga masana'antu, suna haɗawa da ita, kuma tana taimaka wa kwaɓin ya kama. Na yi aiki da kwaɓin zafi na yi da NHL, hannu ya san bambanci. Na zafin yana da danƙo, yana manne wa dutse, yana cika rami ba ya ja da baya sosai, kuma yana jan danshi daga bango fiye da NHL. Kashi ɗaya na ƙonannen dutse, uku na yashi. Da yake yana kumbura idan ya sha ruwa, kwaɓin yana fitowa da wadatar farar ƙasa.

Injiniya Hadiza, Edinburgh:
Malam, ban musa maka ko ɗaya ba, kuma masu kula da tsofaffin gine-gine da yawa sun dawo kan ra'ayinka a 'yan shekarun nan. Amma dubi wanda ke tambayar. Mutum ne da bai taɓa riƙe cokalin gini ba, ga yara a gida, ga tsakar gida ƙarama. Ƙonannen dutse idan ya haɗu da ruwa zafinsa yana wuce na tafasasshen ruwa, yana tartsatsi. Kai ka san yadda za ka tsaya da yadda za ka zuba. Shi fa? Sannan bangon gefe ne da ruwa ke duka kai tsaye. Kwaɓin da iska kaɗai ke kamar da shi yana son a yi ta lallaɓa shi makonni, in ba haka ba sanyin farko ya tarar da shi ɗanye.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
Shi ya sa ake zuba masa garin jan bulo ko makamancinsa, ya ba shi ɗan ƙarfin farko. Kuma ba lallai ya dafa da kansa ba. Masu sayar da kayan gyaran tsofaffin gine-gine suna dafawa su haɗa da yashi su kawo maka a jiƙe, a bokiti ko a babban buhu. Muddin iska da ƙanƙara ba su taɓa shi ba zai yi watanni yana jiranka, ranar aiki ka buga shi ya dawo da laushinsa. NHL kuwa da ka sa mata ruwa agogo ya fara, abin da ka kwaɓa yau na yau ne.

Injiniya Hadiza, Edinburgh:
Wannan na yarda da shi. Haɗaɗɗe daga wurin masu sana'ar, da ɗan abin ƙarfafawa da za a zuba masa ranar aiki, hanya ce mai kyau. Idan bai samu ba ko kuɗin kawowa ya yi yawa, NHL 2. Abin da ba na so shi ne ya tsaya da shebur a kan abu mai tafasa.

Baba Ɗanlami Magini, Zariya:
Salamu alaikum. Jikana ne ke karanta mini, ni kuma ina faɗa yana rubutawa. Ban san dutsen Ingila ba, amma abin da Isuhu ya faɗa na gan shi a ginin ƙasa tun ina yaro ina miƙa wa mahaifina tubali. Da siminti ya yawaita, masu hali suka riƙa sa a yi wa soraye da zaurukan ƙasa filasta da shi, wai an huta da yaɓe duk shekara. Shekarun farko abin sha'awa. Daga baya sai ka ga filastar ta yi ciki, ka buga ka ji fanko. Ruwa ya samu tsaga ta sama ya shiga, ya rasa mafita, ƙasar da ke baya ta narke. Rana ɗaya cikin damina sai allon simintin ya zubo gaba ɗaya, ya zo da rabin bangon. Mu abin da muka gada, bango da abin da ya yi kama da shi ake rufe shi. Makuba daga ɓawon ɗorawa. Laso kuma daga katsin marina da aka ƙona, da gashin jima, da dafara. Yana tare ruwa, amma ba ya shaƙe bango, kuma idan ya gaji shi ke lalacewa a sake wani, ginin yana nan. Alhaji Garba, kai ɗan birni ne, ka san gidajen da nake nufi.

Alhaji Garba, Leeds:
Allah ya ƙara girma Baba. Na sani ƙwarai, zauren gidan kakanmu haka ya zube ta gefen gabas bayan an yi masa filasta. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. To na sauko daga kan siminti. Amma maganar kuɗi tana nan. Yaron nan bai daɗe da sayen gida ba, bashin banki na kansa. Buhun farar ƙasar nan na ji ya ninka na siminti a kuɗi.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
Ya ninka, Alhaji, har ya fi. Amma ciko ba ya cin kaya da yawa. Abin da ke cin kuɗi ƙarafan hawa ne da ladan mai aiki, kuma waɗannan ko da me za a cika sai an biya su. Canza dutse ɗaya da ya mutu kuwa ya fi buhuna da yawa tsada.

Nura, yanzu yashi, don a nan mutane suka fi faɗuwa. Kowa yana ta muhawara a kan farar ƙasa, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na abin da zai shiga bangonka yashi ne. Jan nan mai laushi da aka nuna maka na ɗora bulo da siminti ne. Ƙwayoyinsa ƙanana ne, kusan girmansu ɗaya, ga laka a ciki. Yana shan ruwa da yawa wajen kwaɓi, idan ya bushe ya tsuke ya tsattsage. Abin da kake nema wankakken yashi ne mai kaifi, wanda ƙwayoyinsa suka bambanta, manya da matsakaita da ƙanana, yadda ƙananan za su shige tsakanin manyan su kulle juna. Ka je da kanka, kada ka yi oda ta waya. Ka ɗebi danƙi ɗaya ka murza kusa da kunne, mai kyau za ka ji yana ƙaras-ƙaras, yana cizon fata. Ka dunƙule ka buɗe hannu. Idan ya tsaya a dunƙule, ya bar maka ja ko rawaya a tafin hannu, akwai laka, ka bar musu kayansu. Ka roƙi ɗan kaɗan ka kai gida, ka zuba a kwalba zuwa rabi, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye ya kwana. Da safe yashin zai kwanta a ƙasa, lakar ta yi layi a samansa. Siririn layi ba komai. Idan ta yi kauri, ko ruwan ya ƙi washewa, ba naka ba ne.

Girman ƙwaya kuma faɗin ramin ne ke faɗa maka. Mafi girman ƙwayar kada ta wuce kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin tsakanin duwatsun. Bangon gefe yawanci ramukansa da faɗi, yana son yashi mai tsakuwa-tsakuwa. Fuskar gida inda aka sassaƙa duwatsun suka haɗu sosai tana son wanda aka tankaɗe. Yashin bakin teku wanda ba a wanke ba kada ka kusance shi, gishiri ne zai yi ta fito maka fari a jikin dutse. Wancan tsohon kwaɓin da na ce ka ajiye, ka murmushe shi a farar takarda ka dubi ƙwayoyin da launinsu, ka je da shi wurin masu yashi.

Injiniya Hadiza, Edinburgh:
In ƙara a kan na Malam. Ma'aunin da ake yawan faɗa, ɗaya na farar ƙasa da biyu da rabi ko uku na yashi, ba daga sama ya faɗo ba. Farar ƙasar aikinta ta cike guraben da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, kuma a yashi mai kyau guraben sukan kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Kana iya aunawa: ka cika kofi da busasshen yashi, ka riƙa zuba ruwa daga abin awo har ya kawo saman yashin. Ruwan da ya shige shi ne yawan farar ƙasar da yashin ke buƙata. Kuma ka auna da bokiti a shafe bakinsa, ba da shebur ba. Yashi mai danshi yana kumbura, bokitinsa bai kai bokitin busasshe ba, sai ka kula.

Maman Hanif, Halifax:
Mu an yi mana namu bangon baya, bari in faɗi abin da na gani a matsayin mai gida. Launin cikon daga yashi yake zuwa, ba daga farar ƙasa ba. Mai aikinmu yashinsa ya ƙare ana tsakiyar bango, ya sayo wani daga wani wuri, yanzu sama ruwan toka, ƙasa ruwan zuma, duk wanda ya shigo sai ya tambaya. Ka sayi yashinka gaba ɗaya lokaci guda, daga tuli ɗaya, har da ɗan ƙari. Babban buhun nan da mota ke saukewa ya fi ƙananan na kilo 25 araha nesa ba kusa ba, in kana da wurin ajiyewa. Ka ɗora shi a kan katako ka rufe da tamfol, don magen unguwa da ganyen bishiya. Farar ƙasar kuwa akasin haka, kada ka tara. Ka duba kwanan watan da ke jikin buhu, ka taɓa ka ji ko ya fara dunƙulewa, ka ajiye a cikin gida inda babu laima.

Sannan don Allah ido. Ɗigo ɗaya ya faɗa wa mai aikinmu, sai da aka yi ta wanke masa da ruwa aka kai shi asibiti. Tabarau na kariya, safar hannu mai tsawo, da ruwa mai tsabta a kusa. Yara kuma a kulle ƙofar baya.

Nura, Bradford:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. To yaya zan san yawan da zan saya? Kuma ina da hutu ƙarshen watan nan na Nuwamba, ina so in fara saboda ɗakin yaran.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
Kada ka fara a Nuwamba, ƙanena. Na san danshin ɗakin yara ne ke cin ranka, amma farar ƙasa ba a aikinta idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, kuma tana buƙatar makonni ba tare da ƙanƙara ta taɓa ta ba. Abin da ka cusa yanzu kafin Fabrairu ya zube a gindin bango, kuɗinka da wahalarka sun tafi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Satumba ne lokacinta. Ko ƙwaƙule simintin kada ka yi yanzu ka bar ramuka a buɗe duk hunturu.

Yawan kaya kuma babu wanda zai faɗa maka daga nesa, don ramin wani bango ya ninka na wani. Idan lokaci ya yi ka sayi kaɗan, ka zaɓi murabba'in mita ɗaya a ƙasa inda ido bai cika kaiwa ba, ka yi shi, ka ga abin da ya ci, ka ninka da yawan murabba'in mitar da ke bangon. A nan kuma za ka ga launin bayan ya bushe, ka ga ko hannunka ya iya. Ka ƙwaƙule da cizal da guduma, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin ramin. Injin yanka kada ya zo kusa, kuskure ɗaya ya yanke gefen dutse har abada, ga ƙurar dutsen yashi tana illa ga huhu. Inda simintin ya kama ƙam har cire shi zai fasa dutse, ka bar shi tukuna. Ka share ƙurar, ka jiƙa ramin ya yi danshi amma ba ya ɗiga. Kwaɓin ya yi tauri kamar dawon fura, ya tsaya a kan ƙarfen ciko ba ya zuba. Mutane suna cika ruwa don ya yi sauƙi, ruwan nan ne ke kawo tsaga. Ka ba shi lokaci a wajen juyawa, kamar minti 20, zai yi laushi da kansa. Ka danna shi ciki sosai, rami mai zurfi a cika shi hawa-hawa. Idan ya fara ƙarfi, yadda farce zai shiga amma yatsa ba zai lotsa shi ba, ka daddoke shi da burushi mai tauri har ƙwayoyin yashin su bayyana. Ya tsaya daidai da gefen dutsen ko ya ɗan shige ciki, kada ya hau kan fuska. Daga nan ka rataya buhun algarara mai danshi a gabansa, ka riƙa yayyafa ruwa kwanaki, don rana da iska kada su busar da shi kafin ya kama.

Injiniya Hadiza, Edinburgh:
Abubuwan da za ka iya yi a hutun nan suna nan. Ranar da ake ruwa sosai ka fita da lema ka kalli indararo da bututun da ke sauko da ruwa, da inda rufi ya haɗu da bangon gefen. Sau da yawa rabin danshin daga nan yake, kuma wannan ana gyara shi ko da sanyi. Ka janye kabad daga bango, ka bar iska tana zagayawa, ka riƙa ɗumama ɗakin. Idan wani ya zo ya ce zai fesa wa dutsen maganin hana ruwa, ka ba shi haƙuri. Sannan ka shiga shafin Historic England, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Ingila, ka sa adireshinka, kyauta ne, ka ga ko gidan yana cikin jerin waɗanda doka ta kare. A yankinku akwai su da yawa, gidajen Saltaire misali. Idan yana ciki, sai ka tuntuɓi jami'in kansul, wato ƙaramar hukuma, mai kula da tsofaffin gine-gine kafin ka taɓa bangon. Ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine ta SPAB, wadda aka kafa tun 1877, tana da layin waya na ba da shawara, kuma tana shirya kwasa-kwasan koyon aikin farar ƙasa. Mu nan Sikotland akwai cibiyar koyar da shi a Charlestown da ke Fife. Kwana ɗaya a irin wuraren nan zai amfane ka.

Alhaji Garba, Leeds:
Ni abin da ban yarda da shi ba har yanzu shi ne Nura ya hau saman bangon gefe da kansa. Bene ne fa. Ƙasa inda ƙafarsa ke taka ƙasa ya gwada, sama a ba masu sana'a.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
Wannan gaskiya ne Alhaji, kuma ba a yin sa a kan tsani. Nura, duk wanda za ka ɗauka ka tambaye shi abin da zai kwaɓa, da inda zai sayo yashi, ka ce ya nuna maka bangon da ya yi shekara biyu ko uku da suka wuce. Idan ka ga buhun siminti a bayan motarsa ranar aiki, ka tsayar da shi ka tambaya.

Nura, Bradford:
Na duba shafin, gidanmu ba ya cikin jerin, amma zan kira kansul in tabbatar ko unguwar tana da wata ƙa'ida. Yau da aka yi ruwa na fita, bututun da ke kusurwa ya tsage ta baya, ruwa na bin bango daidai saitin ɗakin yaran. Na kira mai gyara zai zo ranar Litinin. Malam Isuhu, in ba damuwa zan kawo maka tsohon kwaɓin da samfurin yashi biyu ka duba mini kafin in biya kuɗin komai.

Malam Isuhu Birkila, Huddersfield:
Ba damuwa. Ka zo Asabar bayan Azahar, ka zuba kowane yashi a kwalbarsa tun daren Juma'a don mu ga lakar. Ka ɗauko hoton bangon daga nesa da kuma kusa, ka sa tsabar kuɗi a bakin ramin don in gane faɗinsa.

Maman Hanif, Halifax:
Idan za ku yi odar haɗaɗɗen a bazara ku sanar da ni. Katangar gabanmu ma tana jira, sai mu haɗa a mota ɗaya mu raba kuɗin kawowa.